Ajiye Fentin Nan, Bango Bai Bushe Ba

Wani matashi na gani yana sauke buhunan siminti da bokitan fenti a ƙofar gidansu, alhali layin da ambaliya ta bari a bango bai ko fara dushewa ba, laka kuma tana nan maƙale a kusurwoyin ɗakuna. Na ce masa, "Ɗana, mayar da kayan nan, bangon nan a jiƙe yake." Ya shafa bangon, ya nuna mini tafin hannunsa, ya ce, "Baba, ai ga shi a bushe." Sai ya zaro waya, wai ya kalli yadda ake yi. Abin da yake shirin yi na riga na yi shi, kuma ni ba ni da uzurin rashin sani, domin gini ne sana'ata.

Bulo da siminti suna shan ruwa har cikinsu. Rana ta kwana biyu ko uku tana busar da fuskar bango, cikinsa kuwa yana riƙe da ruwa wata da watanni. Ƙiyasin da magina ke yi shi ne kusan wata guda ga kowane inci na kaurin bango, in akwai iska tana ratsawa. Na san wannan lissafin sarai, amma na yi filasta, na bi da fentin mai, wanda shi ne mafi muni saboda yana toshe hanyar da danshi zai fita. Ba a daɗe ba fentin ya kumbura yana ɓarewa, gishirin da ke cikin bulo ya tsattsafo fari-fari, filastar kuma in ka ƙwanƙwasa ta sai ka ji fanko. Bayan kabad funfuna ta yi baƙi ƙirin, yara suka kama tarin dare. Dole aka fasa aikin duka aka sake, kuɗi biyu.

Ban ce ba ni da dalili ba. Wanda bai taɓa kwana da iyalinsa a ɗaki ɗaya da baƙi ba, babu wurin da mace za ta sauya kaya, ba zai gane abin da ke tura mutum ya koma gidansa ko da laka ba. Layin nan na bango ma kullum yana tuna maka ranar, kana so ka shafe shi. Duk gaskiya ne. Amma bango bai san da wannan ba. Kuma gwajin da zai hana ni asara bai fi ƙarfin kowa ba: ka yanki leda mai kauri, kamar santimita 45 kowane gefe, ka manna ta a bango ko a daɓe da salatif, ka rufe gefunanta huɗu ruf, ka bar ta ta kwana. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu fiye da kewayensa, da sauran ruwa. Sai ka ƙara haƙuri. Filastar da ta yi fanko a sassare ta har kamar santimita 30 sama da layin ruwan, a bar bulon tsirara ya sha iska, taga da ƙofa a buɗe, kabad da gado a janye daga jikin bango.

Wannan ma ƙaramin kuskure ne in aka haɗa shi da na rijiya. Ruwan ya kwanta, ya yi garau, na ɗanɗana ban ji komai ba, na ce a sha. Ambaliya kuwa ba ta zaɓe: ta cika masai ta tumbatsa shi, ta kwashi mushe da taki da man inji, duk ta zuba a rijiyar da ba ta da murfi, wani kuma ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ido ba ya ganin ƙwayar kwalara, kuma tana iya kwantar da mutum tsakanin awa 12 zuwa kwana 5 da shan ruwan. Allah ya tsare mu da gudawa kawai, ba wayona ba ne. Ku tuna Haiti: girgizar ƙasa a Janairun 2010, kwalara ta ɓulla a Oktoban shekarar ta gurɓataccen ruwan kogi, ta kashe kusan mutum 10,000. A Pakistan a 2022 ambaliya ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700, bayan ruwa ya tsaya kuma zazzaɓin cizon sauro ya ninka sau da yawa.

Ruwan sha ga yadda ake yi da shi. In ya yi gurɓi, a tace da tsumma mai tsabta ko a sa alif a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Alif yana kwantar da datti ne kawai, ba ya kashe cuta, kada wani ya tsaya nan. Daga nan a tafasa shi, ya yi minti ɗaya cur yana zaɓalɓala. In babu makamashi, a nemi ruwan bilic na wanki marar turare, wanda ƙarfinsa ke tsakanin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari: ɗigo 2 a lita ɗaya, rabin ƙaramin cokali a jarkar lita 20. A girgiza, a jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan warinsa; in ba a ji ba a ƙara, a sake jira minti 15. A ajiye a jarka mai ƙaramin baki, a riƙa tsiyayowa, domin yawancin ruwan da aka gyara a bokiti yake sake lalacewa, kowa na tsoma kofi da hannu. Ma'aunin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi ya ce aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, sha da girki da tsabta. Gida mai mutum shida ke nan lita 90. Ku lissafa jarkokinku tun kafin ku sayi buhun siminti ko ɗaya. Ita kuwa rijiyar, sai an kwashe ruwanta da lakarta, an wanke bangonta, an zuba kulorin, kuma ko bayan haka a ci gaba da tafasa ruwan.

Wanda gudawa ta kama, a haɗa masa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa a kan hanyar asibiti. Kada a cika gishiri, yana cutar da yara.

Na so in jero muku shawarwari birjik, har na rubuta su a takarda. Da na duba sai na ga yawancinsu surutu ne, kuma na san ku, ba za ku karanta ba. 'Yan kaɗan suka rage.

Kada ku kwana a gidan. Bangon ƙasa musamman, daga gindi yake jiƙa ya yi laushi, kuma sau da yawa bayan ruwa ya janye yake zubowa, cikin dare, a kan masu barci. Na bulo ma ku zagaya shi ta waje tukuna: tsagewar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ƙofar da a da take rufuwa yanzu ta ƙi, bangon da ya yi ciki, ƙasar da ruwa ya zaizaye daga ƙarƙashin harsashi. Ku sa alama da fensir a ƙarshen kowace tsagewa, ku rubuta kwanan wata. In ta wuce alamar, ginin na motsi, ku nemo wanda ya san aiki. Silin da ya yi tumbi ruwa ne a cikinsa, a huda shi daga gefe da doguwar sanda, ba a tsaye ƙarƙashinsa ba. A kashe wuta daga babban makunni, kuma ba da ƙafa a cikin ruwa ba. Soket ɗin da ruwa ya shiga, sauya shi ake yi.

Amma kuma kada ku daɗe ba ku shiga ba. Na san na ce ku nisance shi. Funfuna tana fara kamawa cikin awa 24 zuwa 48, laka kuma in ta bushe sai da diga. To ku shiga da rana ku yi aiki, ku fita da dare. Takalmin roba, safar hannu, takunkumi. Sandar hannu a gaba, don macizai da kunamu ma tudu suka nema. Wanda ƙusa ta soka ya je a yi masa allurar sarƙe-haƙora, kada ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. A kwashe laka da shebur, a wanke da sabulu, sannan a bi da bilic, kofi ɗaya a lita 20. Inda funfuna ta riga ta kama, kofi ɗaya a lita 4. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki, hayaƙinsa guba ne. Katifar soso da ruwan masai ya ratsa, a yar da ita. Ni na shanya tawa na ci gaba da kwana a kai, har yau ina ganin ba ni da zaɓi a lokacin, amma ku ku yar.

Sai wurin kwana, kuma nan ne samarin yanzu ke ba ni haushi, mutum ya iya ɗaukar bidiyon ruwa yana cin gida amma bai iya ɗaure igiya ba. Tamfol ɗin agaji yawanci mita 4 ne da 6. Ma'auni shi ne murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri ga kowane mutum, mutum biyar ke nan 17.5, don haka tamfol ɗaya ba ya isa iyali in za a yi rufi da bango, sai biyu. Kada a buga ƙusa kai tsaye a jikinsa, iskar farko za ta yage shi daga ramin. A naɗe bakinsa a jikin siririn katako a buga ta ciki, ko a sa murfin kwalba ko yankin taya a ƙarƙashin kan ƙusar. Inda babu katako, a dunƙule ɗan dutse mai santsi a cikin tamfol ɗin, a ɗaure igiya a wuyansa. A ja shi ya yi tsam, da gangara kamar digiri 30, domin wanda ya yi sako-sako yana tara ruwa, kuma kaɗawar iska ce ke cinye shi. Bakin itacen da zai taɓa shi a naɗe da tsumma. A haƙa 'yar magudana kewaye, a ɗaga wurin kwanciya daga ƙasa, a bar kafar iska a sama, a rataya gidan sauro tun daren farko. Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne, duk gwangwani da tayar da ta riƙe ruwa a kife su.

Masai ku haƙa shi kafin ku gyara ɗaki, ko da kuna jin kunyar maganar. Mita 30 aƙalla daga rijiya, ta ɓangaren gangare, gindin ramin mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake, kuma kada ya wuce mutum 20 a rami ɗaya. In ƙasa ta cika da ruwa har ba a iya haƙawa, a ɗaga shi a kan tudu. Kashin yara ma a ramin za a zuba. Buta da sabulu a bakin ƙofa.

Kada ku zauna jiran agaji, amma ku je ku rubuta sunanku ranar farko, kuma kafin ku taɓa shebur ku ɗauki hoton kowane ɗaki da layin ruwa, don ranar da za a nemi shaida laka ta riga ta tafi. Takardun da suka jiƙe a raba su a hankali, a shanya a inuwa, ba a rana ba.

Janareta kuma a waje, mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙin na kallon nesa. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ko launi, mutum ciwon kai yake ji da jiri, ya ce gajiya ce, ya kwanta. Gawayi ma haka yake a rufaffen wuri, don haka ba a shiga da shi rumfa don jin ɗumi ko don busar da ɗaki. Girki a waje, kyandir a cikin gwangwani, tsakanin rumfa da rumfa a bar aƙalla mita 2, saboda tamfol in ya kama wuta narkewa yake yana ɗiga a jikin mutane.