Angarib ɗin Goggo

Da tsakar dare suka iso, su goma sha ɗaya, a bayan wata babbar mota mai jigilar dawa. A watan Disamba ne na 2023, 'yan kwanaki bayan yaƙin Sudan ya shiga birnin Wad Madani. Tafiyar da a da ake yi cikin sa'o'i kaɗan ta hanyar Fau, su sai da suka kwana biyu a hanya. A cikinsu har da Goggo, yayar mahaifina, wadda ta haura saba'in, gwiwoyinta sun kumbura saboda zaman mota.

Gidanmu a Gadarif, a gabashin Sudan, ɗakuna biyu ne na bulo, sai guttiya ɗaya a tsakar gida, wato ɗakin ciyawa irin na garin nan. Yara da samari aka shimfiɗa musu tabarmi. Goggo muka ba tsohon angarib ɗin marigayiya Kaka, wanda ya shekara da shekaru a jingine a bayan ɗaki. Igiyarsa ta saki, gara ta cinye gindin ƙafa ɗaya. Da na fito sallar asuba sai na tarar da ita zaune a ƙasa, ta lulluɓa da mayafi, ga sanyin hunturu yana ratsa ƙashi.

Na ce, "Goggo, me ya sauko da ke?"

Ta ce, "Ɗana, gadon nan ya gaji. Kada ka damu, ƙasa ma uwa ce."

Ranar ban iya karyawa ba. Na je kasuwa na tambayi kuɗin gado, na dawo hannu rabbana, domin garin ya cika da masu gudun hijira, kowa gado yake nema, ni kuma albashi ya tsaya. Malamin lissafi ne ni, a lokacin makarantarmu a rufe take tun watan Afrilun 2023, daga baya ma azuzuwan suka zama masaukin jama'a. Abin da nake da shi a yalwace lokaci ne, sai wani akwatin ƙarfe mai zarto, da guduma, da tef ɗin awo, da gizagon kakana. Na yi shekaru ina taɓa aikin katako ranar Juma'a da yamma don jin daɗin kaina: kantar littattafai, teburin shayi, 'yar kujerar tsugunno da a nan muke kira bambar. Duk da farin katakon nan na kanti da ake ce wa moski nake yi, in buga ƙusa, in shafa fenti. Angarib kuwa ban taɓa gwadawa ba.

'Yan'uwa na Najeriya da Nijar, wataƙila sunan baƙo ne a kunnenku. Angarib gadon Sudan ne na itace da igiya. Itace takwas ne kacal: ƙafafu huɗu, dogayen sanduna biyu na gefe da ake kira mirig, da gajeru biyu na kai da na ƙafa da ake kira wisada. Tsakiya kuma saƙar igiya ce. Kaka takan ce iyayenta, da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, gadon kara suka sani da gadon ƙasa. A nan suka tarar da angarib, suka karɓe shi har ya zama namu. Shi kuwa ya daɗe a ƙasar nan fiye da duk wanda ke cikinta yau. A Karma, arewa da Dongola, masu tonon tarihi sun fito da gadaje irinsa daga kaburbura da suka haura shekara 3,500, an sassaƙa ƙafafunsu kamar ƙafar sa. Har gobe a kansa mace ke haihuwa, a kansa ake zaunar da ango da amarya ranar jirtig, wato wata al'adar bikin aure ta Sudan, a kansa kuma ake ɗaukar mamaci zuwa maƙabarta.

Gwajina na farko da ɗanyen itace na yi shi. Akwai darbejiya a ƙofar gida, wadda a nan ake ce wa nim, na sare manyan rassa, na feƙe su da gizago, na fafe ramuka, kwana uku na haɗa. Ina cikin buga sanda ta ƙarshe na ji ƙas! ƙafa ta tsage daga sama har kusan rabi. Na ɗauki tsagaggiyar ƙafar na nufi gidan wani dattijo a unguwarmu, kafinta ne da ya ajiye aiki saboda idonsa ya yi rauni. Baba muke ce masa duka unguwa.

Bai ko kalle ta sosai ba. Ya zura yatsa a rami ɗaya, ya zura wani a ɗayan, yatsun suka haɗu a ciki.

Ya ce, "Malam, ka ga laifinka? Ka sa ramuka biyu sun gaisa. Me ka bar wa ƙafar ta tsaya da shi?"

Kowace ƙafa ramuka biyu gare ta, ɗaya na mirig, ɗaya na wisada, suna shigowa daga fuska biyu. Ni na fafe su a tsayi ɗaya, sai suka haɗe a tsakiya, cikin ƙafar ya zama kogo. Ka'ida ita ce a saɓa su, ɗaya a sama, ɗaya a ƙarƙashinsa, a bar nama tsakaninsu, a kuma bar kamar faɗin yatsa uku daga ramin sama zuwa kan ƙafar. Na dawo gida na duba na Kaka, na ga haka yake. Shekara arba'in ina ganin gadon nan, ban taɓa lura ba.

Sai ya shinshina itacen, ya ce ko ramukan sun yi daidai, wannan ba zai yi ba. Ɗanyen itace yana bushewa yana ƙanƙancewa, harshen da ya shiga rami da ƙyar yau, bayan wata biyu zai riƙa rawa a ciki, sandar kuma ta karkace. Na ce, "Baba, ai ba ni da watannin da zan jira ya bushe, tsohuwa ce a ƙasa." Ya ce to in nemi itacen da wani ya riga ya jira mini. Haka na samu wasu tsofaffin ginshiƙai na wata rumfa da ta faɗi a damina, mai ita ya sayar mini da araha don shi a wurinsa makamashi ne. Bagaruwa ce, wadda Larabawa ke kira sunut.

Duk wanda bai taɓa saran busasshiyar bagaruwa ba bai san taurin itace ba. Cikinta ja ne mai duhu, nauyi kamar ƙarfe, gara ba ta cika kusantarta ba. Shi ya sa tun zamanin Turawa ake yanka ta a dazuzzukan bakin Shuɗin Nilu ana shimfiɗa layin dogo a kanta, ana kuma ƙera jiragen ruwa da ita. Ƙafa huɗu kawai na yanka, sau biyu ina zama da magagari ina wasa haƙoran zarto. Baba ya hana ni amfani da farin ɓangaren da ke bayan ɓawo, ya ce nan ne abincin ƙwari, in feƙe shi duka sai na kai ja. Sandunan gefe kuwa busasshiyar darbejiya na samo, ta fi sauƙin aiki, ɗacinta kuma yana korar ƙwaro. Na tambaye shi gawo, don akwai shi da yawa. Ya girgiza kai, ya ce gawo na inuwa ne da abincin awaki, ba na gado ba. Aduwa kuma a bar wa masu sassaƙa allo.

Awon da na yi shi ne tsawo santimita 190, faɗi 90, tsayi daga ƙasa 50. Da gangan na ɗaga shi, don Goggo ta riƙa tashi ba tare da ta dafa gwiwa ba, kuma a Gadarif idan damina ta sauka baƙar lakar nan takan jiƙe har cikin ɗaki, ga kunamu. Kaurin kowace ƙafa santimita 7 ta kowace fuska.

Fafe ramukan shi ne aikin da ya fi cin raina, kuma shi na fi so. Kafintocin nan suna kiran wannan haɗi nagar da lisan, rami da harshe. Baba ya ara mini izmil ɗinsa, ƙarfen fafe rami, bakinsa santimita biyu da rabi, ƙotarsa ta yi sulɓi saboda hannu. Za ka zana ramin da fensir a fuska biyu na ƙafar, ka fafe rabi daga nan, ka juya ka fafe rabi daga can, su haɗu a tsakiya. In ka bi ta fuska ɗaya har ka ɓulle, bayan zai ɓantare. Ba a fara sara daga kan layi, daga tsakiya ake farawa, a riƙa matsowa kaɗan-kaɗan, layin shi ne na ƙarshe. Rami takwas, kowanne ya ci mini fiye da awa guda. Ina zaune a gindin darbejiyar da na yi wa aski, na danne ƙafar da cinyata, jajayen ɓarɓashi suna taruwa a kan takalmina, yaran Madani sun kewaye ni suna rigimar wanda zai hure ƙurar ramin. Wani ƙaramin cikinsu, ɗan shekara shida, tun da suka zo ba ya magana, ko an yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai. A rana ta uku ya miƙo mini guduma tun kafin in nema, ya ce, "Kawu, ga ta." Uwarsa tana bakin murhu, ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Harshen kuwa sai an yi haƙuri. Ka rage kaɗan, ka gwada, ka cire, ka duba inda ya yi sheƙi, nan ne yake cijewa, ka kankare wurin kawai. Wanda ya shige da hannu ya yi sako-sako, wanda kuma sai an yi masa dukan kawo wuƙa zai tsaga ƙafa. Ana son wanda zai shiga da bugu uku ko huɗu na guduma, an ɗora guntun katako a kai. Da na haɗa duka takwas ɗin, na ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, na sake ja ta ɗaya ɓangaren. In tsawon biyun ya zo ɗaya, gadon ya miƙe. Shekara goma sha biyar ina koya wa ɗalibai wannan a kan allo, ranar na fara yin sa da hannuna.

Na ɗauko ƙusa zan ƙarfafa kusurwoyin, Baba ya riƙe mini hannu. Ya ce angarib ba ya son ƙusa, ba ya son gam. Ƙusa tana tsatsa ta ci itacen da ke kewaye da ita, kuma tana hana haɗin motsawa idan itace ya sha danshin damina ya kumbura. Igiya ce ke riƙe gadon. Duk lokacin da mutum ya kwanta, nauyinsa yana jan sandunan zuwa ciki, harsunan suna ƙara nutsewa a ramukansu.

Saƙa kuma, ashe gwanar tana cikin gida. Na sayo igiyar roba mai launi, irin wadda kowa ke sawa yanzu don ta fi ƙarko. Goggo ta murza ta a yatsa ta ajiye. Ta ce roba tana zafi da rana, tana kuma miƙewa, ita igiyar kaba take so, ta ganyen goruba. Na faɗa mata kaba tana tsinkewa da wuri, kuɗin cizo kuma suna samun maɓoya a cikinta. Ta ce, "In ta tsinke a sake, in ƙwaro ya shiga a fitar da shi rana a zuba masa tafasasshen ruwa. Haka muka taso." Na koma kasuwa. Yau da na kwana a kan iri biyun, ina bayanta: kaba ta fi sanyi, ta fi daɗin baya nesa ba kusa ba. Mafi daraja dai shi ne na fata, wanda ake saƙawa da jiƙaƙƙun tsirkiyoyin fatar sa, suna bushewa suna ɗaurewa, amma wannan sai mai hali.

Muka yayyafa wa igiyar ruwa ta yi laushi. Goggo ta zauna a kan bambar tana ba da umarni, ni da ɗan'uwana muna ja. Da farko aka ɗaura igiya mai kauri a gicciye, kamar kamu ɗaya daga wisadar ƙafa. Daga nan saƙar ta tashi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, uku a sama, uku a ƙasa. In muka yi kuskure tana hangowa daga inda take: "Kai, ka tsallake ɗaya, warware." Filin da aka bari a wajen ƙafa shi ne na kurrab, igiyar da ke kai da komowa tsakanin saƙar da wisada. Ita ce sirrin gadon. In tsakiya ya lotsa ba sai an sake saƙa ba, kurrab za a kwance a ja a ɗaure, gado ya koma kamar ganga.

Kwana goma sha biyu aikin ya ci. Da muka kai shi guttiya, Goggo ta zauna a bakinsa, ta bubbuga mirig da tafin hannu, ta ce, "Ka yi shi da ƙarfi kuwa? Ka san a kansa za ku ɗauke ni." Na ce, "Allah ya ja da ranki, Goggo." Ta ce amin, ta sa mini albarka har sai da na ji kunya, ta kwanta. Ranar sai da aka tashe ta sallar la'asar.

Bayan nan na yi wasu guda biyar, domin da rikici ya kai Sinja a tsakiyar 2024 an sake samun baƙi a unguwa. Na uku ya fi na farko kyau, na biyar har na yi wa ƙafafunsa 'yar kwalliya da magagari. Ban sayar da ko ɗaya ba, wanda ya kawo itace da igiya nakan haɗa masa.

Da hanya ta buɗe a 2025, su Goggo suka yi shirin komawa Madani. An gaya musu gidan yana nan, amma babu ko tsinke a ciki. Direba ya ce ba wurin gado a motarsa. Goggo ta dube ni, na gane. Na warware saƙar na naɗe igiyar, na bubbuga kusurwoyin, gadon ya koma itace takwas. Na rubuta lamba a kan kowane harshe da raminsa, na ɗaure su dami ɗaya, aka tura ƙarƙashin kujera.

Makon jiya ta kira ni, ta ce tsakiyan ya fara lotsawa, ita kuma hannunta ba ƙarfi. Na ce ta ba yaron nan waya. Yanzu ya girma, baki har ya yi yawa. Na ce ya je wajen ƙafar gadon ya nemo ƙullin kurrab, ya kwance, ya fara ja daga hagu, layi-layi, yana taka mirig da ƙafa ɗaya. Ina jin numfashinsa a waya, ina jin kukan igiyar, Goggo kuma daga gefe tana cewa, "Ƙara ja, bai yi ba tukuna."