Daɓen laminet da danshin siminti

Daɓen laminet (alluna masu kama da katako da ake jerawa a ƙasan ɗaki) da aka shimfiɗa mana a falo bai kai ƙarshen damina ba sai da bakunan allunan suka fara kumbura, wasu wuraren kuma samansu ya yi bororo. Da aka ɗaga allo ɗaya, sai muka tarar da simintin ƙasa a jiƙe, babu ledar da ta raba shi da katakon.

Abin da ya sa lahanin ya yi tsanani shi ne cikin laminet garin katako ne da aka matse da gam, saman kawai ke da rufin da ruwa ba ya ratsawa, saboda haka danshi yana shiga ta ƙasa da kuma mahaɗar alluna. Idan ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa yadda yake ko da ya bushe, sai dai a canza allon. Sabon siminti kuwa yakan ɗauki makonni yana fitar da danshi, ko da ido yana ganinsa a bushe.

Ƙa'idar aikin ita ce a bar allunan su kwana 2 a ɗakin kafin a shimfiɗa, a sa leda mai kaurin milimita 0.2 a kan simintin, sannan a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango. Mai aikin namu bai yi ko ɗaya ba, kuma a ganina gaggawar karɓar kuɗi ce ta jawo. Yanzu mun cire rabin falon, muna jiran simintin ya bushe.