Daga Jos Zuwa Abuja: Layina Kusa da na Tsohon Zakara

Hunturu ya kankama a Jos, ruwan wurin ninkayar da muke zuwa ya yi sanyin da sai mai ƙarfin hali ke shiga, sai saƙo ya iso mana cewa wasu manya masu sha'awar ninkaya a Abuja za su yi ƴar gasar sada zumunci, daga ɗan shekara 40 zuwa sama. Abokina Alhaji ya ce mu je a motarsa. Shi ya koyi iyo tun yana yaro a tafkunan da masu haƙar kuza suka bari a wajen Bukuru, a ɓoye, don iyaye ba su yarda yaro ya kusanci ramukan nan masu cin rai ba. Ni kuwa sai da na haura hamsin likita ya tura ni ruwa saboda ciwon gwiwa.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Muka wuce Bukuru da Mararabar Jama'a, duwatsun Riyom na leƙowa ta cikin hazo, sannan muka fara gangara Hawan Kibo, inda direba mai hankali ke rage magana ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Kafin mu bar wajen ruwan Assop mun cire rigunan sanyi, domin Jos na zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da ka sauko zafi zai tarbe ka. A Akwanga muka karya. Keffi ba ta ɗauke mu lokaci ba, amma cunkoson Mararaba da Nyanya ya riƙe mu har la'asar ta kawo kai. A Lugbe muka sauka gidan wani ƙanina, kuma a kan hanya muka wuce babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019.

Washegari da hantsi muka isa wurin gasar, kwamin ninkaya mai tsawon mita 25, an ja igiyoyi an raba layuka. An kasa mu rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, kamar yadda ake yi a duniya. Ni na faɗa rukunin 55 zuwa 59. A layin da ke damata wani mutum ne dogo mai furfura, marar yawan magana. Aka busa usur. Tseren mita 50 ne, wato zuwa da dawowa, kuma ina taɓa bangon farko shi yana gab da gamawa. Ruwa bai fantsama a jikinsa ba, hannunsa na shiga a hankali, a bango kuma ya yi alkafura ya tunkuɗa da ƙafa ya yi nisa a ƙarƙashin ruwa kafin ya ɗago. Daga baya muka ji cewa a ƙuruciyarsa ya wakilci jiharsa a gasar wasanni ta ƙasa. Duk tseren da ya shiga ranar shi ya lashe.

Bayan azahar, muna zaune a inuwa ana shan zoɓo, Alhaji ya kasa haƙuri. Ya dubi tsohon zakaran ya ce, "Malam, ba don raini ba, amma wannan ba gasa ba ce. Mun taso tun daga Jos, wasu daga Kaduna, mutanen da suka fara iyo da girmansu, sai a haɗa mu da wanda koci ya raina tun yana firamare? Ai tun kafin a busa an san mai kofi."

Mutumin bai ji haushi ba. Ya ce, "Alhaji, gaskiyarka. To amma ina zan je? Matasa sun wuce ni tun tuni. Shekaruna ɗaya da naku, hawan jinin da ke damunku yana damuna, kafaɗar nan kuma ba ta barina barci. In kun ce kada in shiga, kun ce in zauna a gida ke nan."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin dukkansu biyu suna da gaskiya. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, shi ya sa a ninkaya iya kwanciya a kan ruwa, da lokacin jan numfashi, da yadda ake juyawa a bango sun fi ƙarfin damtse tasiri. Wanda aka koya wa waɗannan yana ɗan shekara takwas ba ya rasa su ko ya yi shekara ashirin bai taɓa ruwa ba. Wanda ya fara da furfura kuwa zai iya yin atisaye kullum, numfashinsa ya ƙaru, tumbinsa ya ragu, amma da wuya ya kamo wancan. Raba mutane da shekaru yana gyara bambancin tsufa ne kawai, bai taɓa bambancin wanda ya samu koci da kwamin ninkaya yana yaro da wanda bai samu ba. A ƙasarmu kuwa wannan bambancin ya fi na shekaru girma.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. Hukumar ninkaya ta duniya, wadda aka sani da FINA kafin ta koma World Aquatics a 2022, tana karɓar manya tun daga shekara 25, kuma gasarta ta duniya ta manya ta fara ne a Tokyo a 1986. Dokarta ba ta hana tsofaffin zakaru shiga ba. Rowdy Gaines na Amurka, wanda ya ci zinare uku a Olamfik ta Los Angeles a 1984, ya ci gaba da fafatawa a gasannin manya yana kafa tarihi. A wannan fage ɗin dai aka samu Mieko Nagaoka ta Japan, wadda ta shiga ruwa bayan ta kai shekara 80 saboda gwiwarta, kuma a 2015 ta kammala mita 1,500 tana da shekara 100. Ina son fagen da ya ɗauki mutanen nan biyu, ba na kuma son a kori ɗaya domin ɗaya ya ji daɗi.

Wani ya kawo shawarar a raba kofi biyu, na tsofaffin ƴan wasa da na masu sha'awa. Da farko kowa ya gyaɗa kai. Sai aka tuna da wanda ya zo na biyu a rukunin Alhaji, wani Basarke ɗan Yauri da ke aiki a Abuja. Bai taɓa ganin koci ba, bai iya alkafurar bango ba, kansa a sama yake iyo, amma a Kogin Kwara ya girma, kuma ya bar sauran a baya da tazara mai yawa. A wane ɓangare za a sa shi? Wanda ya yi shekara ɗaya a ƙungiyar makarantar sakandare fa? Alhaji ma da kansa, da tafkunansa na Bukuru, ya fi ni da shekara arba'in a cikin ruwa. Duk inda aka ja layin sai wani ya ce an zalunce shi, ga shi ba mu da ajiyayyun takardun da za su nuna wa ya taɓa wakiltar wa.

Abin da na goyi baya shi ne abin da tsohon zakaran ya faɗa daga ƙarshe, wanda kuma ake yi a gasannin manya da yawa a waje: kowa ya rubuta lokacin da ya saba yi, a jera mutane a tsere bisa kusancin lokacinsu, ba bisa shekaru ba, sai a fitar da sakamakon kowane rukuni daga baya. Ta haka zan yi iyo kusa da wanda zan iya kamowa ko ya kamo ni, ko da ya girme ni da shekara goma, shi ma zakaran ya samu wanda zai sa shi haki. Na ƙara da cewa a buɗe littafi a riƙa rubuta lokacin kowa, a ware kyauta ga wanda ya fi rage daƙiƙoƙi daga gasa zuwa gasa. Wannan kyauta ce da sabon shiga ya fi tsohon zakara damar ci, don shi ya daɗe da kai maƙurarsa. A tseren miƙa-miƙa na mutum huɗu kuma, inda dokar manya ke haɗa shekarun ƴan ƙungiya a dunƙule, a raba gwanayen, kowace ƙungiya ta samu ɗaya.

Alhaji bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba. Har yanzu yana ganin kofin rukuni ya kamata ya zaga. Amma da yamma, da aka sake buɗe ruwan, shi ne ya fara cewa, "Malam, zo ka nuna mini juyin nan." Suka shafe kusan awa guda a bango ɗaya, mu ma muka shiga layi. Masu shirya gasar sun karɓi shawarar jera mutane bisa lokaci da ta littafin, sun ce ta kofi biyu sai sun sake zama. Mu kuma muka roƙi a kawo ta gaba Jos, a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwanmu ke shiguwa.