Ɗan Ragon da Yake Tsaye Kamar Yankakke

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun san rago tun muna goye. Da shi ake yanka sunan jariri, shi ne kuma maƙwabtanmu Musulmi suke layya da shi, kuma idan ana yabonsa, girman jiki da murɗin ƙaho ake dubawa. Wannan sabo ya sa na daɗe ina rera waƙoƙin Ɗan Rago na Allah, wato Yesu Almasihu, a coci ba tare da na lura cewa Littafi Mai Tsarki yana nufin ƙaramin ɗan tunkiya ba, wanda ba shi da abin kare kansa.

Tushen wannan alama ta ɗan rago yana Littafin Farawa sura 22, inda Ishaku, yana ɗauke da itacen hadaya a ƙasar Moriya, ya ce wa mahaifinsa ga wuta ga itace, amma ina ɗan ragon? Ibrahim ya amsa cewa Allah da kansa zai tanada. Abin da ya samu a ranar kuwa babban rago ne da ƙahoninsa suka sarƙe a kurmi, shi ya sa malaman Kirista tun na farko suke ganin tambayar Ishaku ta ci gaba da jiran cikakkiyar amsarta.

A Fitowa sura 12 ne alamar ta sami ƙa'idodinta, kuma a nan ya kamata mai karatu ya yi haƙuri da dalla-dallar umarnin, domin kusan kowane ɗaya ya sake fitowa daga baya. An ce wa Isra'ilawa a Masar kowane gida ya ware ɗan rago ko ɗan akuya, namiji bana ɗaya marar lahani, a rana ta 10 ga wata, ya ajiye shi har rana ta 14, sannan a yanka da maraice. Za a shafa jinin a dogaran ƙofa biyu da kuma samanta, a gasa naman a ci da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci, kada kuma a karya ko ƙashi ɗaya. Gidan da aka ga jini a ƙofarsa mutuwa ta tsallake shi, daga nan aka sami Idin Ƙetarewa. Banda wannan, Fitowa 29 ta wajabta miƙa 'yan raguna biyu kullum, ɗaya da safe ɗaya da maraice, saboda haka Bayahuden zamanin Yesu ba ya bukatar a fassara masa abin da jinin ɗan rago yake nufi.

Annabi Ishaya, a sura 53, ya ɗora alamar a kan mutum, wato bawan da aka kai shi mayanka kamar ɗan rago bai buɗe baki ba. Wannan nassi ne ma'ajin sarauniyar Habasha yake karantawa a cikin karusarsa sa'ad da Filibus mai bishara ya same shi a hanyar Gaza. Da Yahaya Mai Baftisma ya nuna Yesu ya ce ga Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya, duk waɗannan ya tattara cikin jimla ɗaya. Bisharar Yahaya kuma ta kula ta faɗa mana, a sura 19, cewa sojoji sun karya ƙafafun mutum biyun da aka gicciye tare da Yesu amma shi ba su karya nasa ba, domin nassi ya cika. A ganina wannan ita ce hanyar da ta dace a bi da kowace alama, a nemi ma'anarta a wuraren da Littafin kansa ya yi amfani da ita. Ina baƙin ciki idan na ji ana ɗaukar ƙahoni da lambobin da suke cikin littafin Wahayi ana liƙa wa shugabannin zamani bisa zato.

Wurin da ya fi taɓa zuciyata shi ne Wahayin Yahaya sura 5. Yahaya marubucin Wahayin (ba Mai Baftisma ba), yana tsibirin Batmusa, ya yi kuka ƙwarai a cikin wahayin domin ba a sami wanda ya cancanci buɗe littafin mai hatimi 7 ba. Sai ɗaya daga cikin dattawan da suke kewaye da kursiyin Allah ya ce masa ya daina kuka, Zakin kabilar Yahuza ya yi nasara. Kunnensa ya ji zaki, amma da ya duba, Ɗan Rago ya gani a tsaye kamar an yanka shi, yana da ƙaho 7 da ido 7, wato cikakken iko da cikakken sani, tun da 7 adadin cika ne. A littafin Wahayi an kira Almasihu Zaki sau ɗaya tak, an kuma kira shi Ɗan Rago sau 28. Masu bi na ikilisiyoyi 7 na lardin Asiya (a yammacin Turkiyya ta yau) da aka rubuta wa Wahayin, waɗanda suke zaune ƙarƙashin mulkin Roma, an nuna musu cewa wanda yake riƙe da makomar duniya ya ci nasara ta hanyar ba da ransa, kuma tabon yankan yana nan a jikinsa har a gaban kursiyi.

A sura 7 kuwa, inda aka nuna taron da ba mai iya ƙirgawa daga kowace kabila da harshe, an ce sun wanke rigunansu sun yi fari fat da jinin Ɗan Ragon, an kuma ce Ɗan Ragon ne zai zama makiyayinsu, ya kai su maɓuɓɓugan ruwan rai.