Ferar tulun tangaran a Jidda

A inda nake koyon ginin tangaran a Jidda, daga waje ake shigo mana da yumɓun, a cikin leda, fari sol. Ba shi da haƙurin jan yumɓun randa. Ruwa kaɗan ya yi yawa ya zube a kan injin juyi, iska kaɗan ya tsage.

Tulun furannin da za a fere, da kauri ake ɗaga shi, bangon ya kai kamar santimita 1, don abin da za ka yanke sai ka fara ajiye shi. Daga nan sai jira, kuma a jiran aikin yake. Na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa a garin nan tana busar da baki ta bar gindi danye, shi ya sa nake lulluɓe wuyan da leda in bar cikin ya sha iska. Idan ya yi taurin sabulun wanki, farce na shiga amma yatsa ba ya lotsa shi, lokaci ya yi.

Da siririyar waya ɗaure a ƙarfe nake yanka, daga kafaɗa zuwa gindi, ja ɗaya, hannun hagu yana tallafe daga ciki yana jin saura nawa. In yanki nan, in juya in yanki kishiyarsa, fuskoki huɗu su zama takwas, irin kwalaben farin tangaran na Koriya na ƙarni na 18. Fuskar da ta ɗan karkace barin ta nake yi. Masu bin ta da soso suna gyara, a ganina kashe kaifin kawai suke yi, alhali a kan kaifin ne ruwan ƙyalli, wanda ake shafa wa tulun kafin a gasa, yake sirancewa ya bar farin layi, ya taru ya yi duhu a tsakiyar fuska.

Wuta kuma ba ta rufa asiri. A zafin digiri 1280 na ma'aunin Celsius tangaran yana yin laushi, ya tsuke da fiye da kashi 10 cikin 100, duk gefen da waya ta ci da yawa sai ya lotsa.

Da na kai wa Gwaggo guda a Makka, ta juya shi ta juya, ta ƙwanƙwasa da zobe ta ji ƙararsa, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai na turaren wuta ne, wa zai ɓata shi da fure?"