Kalmar da ba a faɗa ba

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na dare.

Tun ɗazu na so in kwanta, amma abin da ya faru a laccar safe ya ƙi sakina. Gara in rubuta shi tun bai sauya kama ba.

Malamin da ke ɗaukarmu darasin tunawa da mantuwa yana shigowa ya ce kowa ya ajiye biro. Ya karanto kalmomi goma sha biyar, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake: gado, matashi, bargo, mafarki, gyangyaɗi, minshari, hamma, gajiya, dare, farkawa, da sauransu. Da ya gama ya ce mu rubuta waɗanda muka riƙe. Na samu tara. Ta huɗu a jerina ita ce "barci".

Sai ya ce duk wanda ya ji "barci" ya ɗaga hannu. Fiye da rabin aji muka ɗaga. Ya haska jerin a allo. Babu ita. Sau uku ina bi da yatsa, babu ita. Wallahi da a gaban alƙali aka tsayar da ni, rantsuwa zan yi na ji ta, har da yadda muryarsa ta sauka a kanta. Jikina sai ya yi sanyi, domin ko ɗigon shakka ban ji ba lokacin da nake rubuta ta.

Gwajin tsoho ne. James Deese ya fara shi a 1959, Roediger da McDermott suka farfaɗo da shi a 1995. Kowace kalma a jerin tana taɓo 'yar'uwarta da ba a ambata ba, taɓawa ta yi yawa har ƙwaƙwalwa ta saka ta cikin waɗanda kunne ya ji. Malam ya ce duk sanda mutum ya tuna abu, sake gina shi yake yi, kuma inda ya tarar da giɓi sai ya cike da abin da ya fi dacewa da wurin.

Daga nan ya kawo binciken Elizabeth Loftus da John Palmer na 1974 a Amurka. An nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, aka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka ce wa motocin sun "ragargaji juna" suka kintata mil 40 da ɗoriya a awa, waɗanda aka ce wa sun "bugi juna" suka ce mil 34. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 na rukunin farko, 16 suka ce sun gani, a ɗaya rukunin 7 kacal. Alhali babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Ni dai na daɗe ina tunanin mutanen da aka ɗaure bisa shaidar wanda bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ya yi imani ya gani ne.

Da rana ƙididdiga muka yi, awa biyu cur. Masu cewa "to karanta min zuciyata" da zarar sun ji ina ilimin halayyar ɗan Adam, da ma su leƙo su ga yawan lissafin da ke ciki. Na fara ganin amfaninsa dai, tunda ba don alƙaluma ba da kowa ya tsaya a kan "ai na tabbata".

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Shekara biyu ke nan ina riƙe da wata magana ta Yaya. Ranar da na zaɓi wannan fanni, na tuna ta ce, "Wannan karatun ba ya kai mutum ko'ina." Ita kuma kullum cewa take tambayata ta yi, ko na san inda zai kai ni. Na ɗauka kunya ce ta sa take gyara zancen. A ranar kuwa ni kaina a tsorace nake da zaɓin, kuma na ba da labarin ya fi sau ashirin, kowane karo yana ƙara kaifi.

Bayan isha'i na kira ta. Na ce, "Yaya, maganar nan ta ranar, mai yiwuwa ni ce ban ji daidai ba." Ta yi shiru har na duba ko wayar ta katse. Can ta ce, "Sai yau?" Muka yi kusan awa guda muna hira, har na karanta mata jerin kalmomin. Ta tuna bakwai, da "barci" a ciki.