A Hannuna Ɗana Ya Koyi Ɓoye Ciwo

Ina rubuta wannan ne ga ƙannena da suka fara tara iyali, da kuma yayyen da ke raka ƙanensu filin wasa, domin kada ku bi hanyar da na bi ina tsammanin gata nake yi wa ɗana. Yana da shekara takwas na lura cewa ƙafarsa ta iya ƙwallo, kuma tun daga ranar da wani mai horarwa ya ce da ni yaron nan zai yi nisa, na daina kallonsa a matsayin yaro mai wasa, na koma kallonsa kamar gonar da na shuka nake jiran girbi. Kullum karin maganar da ke bakina ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ban taɓa tsayawa na tuna cewa ɗanyen icce ma yana karyewa ba idan hannun da ke tanƙwara shi ya yi nauyi.

Kuskurena na farko a hanyar komawa gida yake faruwa. Da an tashi daga wasa, tun kafin gumi ya bushe a jikinsa, sai na fara lissafa masa ƙwallon da ya ɓarar da wanda ya bari aka ƙwace, shi kuwa yana zaune ya rungume takalmansa, ya kafa ido a taga, ba ya cewa komai sai "To, Baba." Na ɗauki wannan shirun a matsayin ladabi. A bakin fili kuma muryata ta fi ta kocinsa ƙarfi, har ya kai ga idan ya yi kuskure ba ya duban abokan wasansa, ni yake waiwayowa ya duba. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma ni ƙafafunsa kawai nake kallo.

Da ya kai shekara goma sha biyu ya fara ɗingishi bayan atisaye, yana dafa ƙasan gwiwarsa ta dama idan zai hau matakala. Sau biyu ya faɗa mini tana masa ciwo, sau biyun kuma na ce lalaci ne, manyan ’yan wasa da ciwo suke buga ƙwallo. Bai sake faɗa ba. Kusan wata huɗu yana atisaye kwana shida a mako a kan wannan gwiwa, sai da mahaifiyarsa ta same shi cikin dare yana ɗaure ta da tsumma yana kuka a ɓoye, sannan muka je wurin likita. Likitan ya nuna mini wani ƙullutu da ya taso a ƙasan ƙoƙon gwiwar, ya ce ana kiran ciwon Osgood-Schlatter, kuma yana yawan kama yara masu gudu da tsalle tsakanin shekara 10 zuwa 15. Ya bayyana mini cewa ƙarshen ƙashin yaro mai tasowa guringuntsi ne da bai gama ƙwari ba, ita kuwa jijiyar da ta sauko daga cinya a daidai wannan wuri take ja duk lokacin da ya ruga ko ya buga ƙwallo, don haka babban maganinsa shi ne rage nauyin atisaye da ba jiki hutu. Daga nan ya juya ga yaron ya tambaye shi dalilin da ya sa bai yi magana da wuri ba. Ɗana ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Daga baya na san cewa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaro ya riƙa hutawa kwana ɗaya ko biyu a kowane mako, kuma kada a tsare shi a kan wasa guda ɗaya tak sai ya kai wajen shekara 15 ko 16. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma, a sashe na 31, ta lissafa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro. Ni na ƙwace masa duka biyun, domin abin da yake yi a fili ya daina zama wasa tun da daɗewa.

Gwiwa ta warke cikin watanni, amma abin da har yau yake hana ni barci shi ne shirun da na koya masa. Ku yi tunani a kan wannan da kyau: yaron da mahaifinsa ya ƙaryata shi a kan ciwon da ake iya gani da ido, yaya zai yi ya buɗe baki idan wani babba ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba? Likitan nan Larry Nassar ya shafe shekaru yana lalata da ’yan mata masu wasan tsalle-tsalle a Amurka da sunan yi musu magani, kuma lokacin da aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 40 zuwa 175 a watan Janairun 2018, mata fiye da 150 ne suka yi bayani a gaban kotu, wasunsu kuma sun ce sun taɓa kai ƙara wurin manya ba a gaskata su ba. A Ingila ma, sai a 2016 tsohon ɗan ƙwallo Andy Woodward ya fito ya faɗi abin da kocinsa ya yi masa yana yaro, daga nan ɗaruruwan mutane suka biyo bayansa. Mai cin zarafi yana neman yaron da ya yarda cewa makomarsa tana hannun koci, wanda kuma ya san cewa a gida babu mai sauraronsa. Allah ya tsare ɗana daga irin wannan, amma ni da hannuna na buɗe ƙofar.

Saboda haka, idan yaro ya ce wani wuri yana masa ciwo, ku gaskata shi tun a karon farko, ku kai shi a duba, ko da gobe ne wasan ƙarshe. Ku bar aikin koci ga koci, domin yaro zai iya samun masu horarwa da yawa a rayuwarsa, amma wanda zai koma wurinsa bayan an ci su ba shi da yawa. Kada ku yarda da horon da ake hana iyaye gani, ko kocin da ke keɓewa da yaro shi kaɗai, ko wanda ke zagi da duka yana cewa tarbiyya ce. Ku faɗa wa yaron da bakinku, ba sau ɗaya ba, cewa yana da damar barin wasan duk ranar da ya ga dama, kuma ba abin da zai ragu daga ƙaunar da kuke yi masa.

Ɗana ya ajiye takalmansa yana da shekara goma sha huɗu, na kuma nemi gafararsa bayan shekara biyu, lokacin da girman kai ya sake ni. Yanzu yakan buga da abokansa da yamma. Ya daɗe ba ya gaya mini ranar da za su yi wasa, sai kwanakin baya ya ce idan ina da lokaci in zo. Na tsaya can nesa da layi, na harɗe hannuwana, ban ce uffan ba har aka tashi, kuma a hanyar gida shi ne ya yi ta magana.